Cikin Rigar Ramatu

Rigar wasa ɗaya ce a gidan Malam Illo, 'yan matan kuwa biyu ne. Riga ce da wando masu launin shuɗi, irin waɗanda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke kira jogin, kuma Ramatu aka saya wa, domin ita ce ɗiyar mai gida. Sa'adatu, ɗiyar ƙanwarsa Talatu, wadda aka kawo daga wani ƙauye bayan Gabi domin ta yi koleji a Madarunfa, aro take yi. A ranakun motsa jiki sai ta jira ajin su Ramatu ya gama, ta karɓi rigar da sauran ɗumin jikin wata, ta saka.

Ana gobe gasar makarantun yankin, Mushe Nasiru, malamin wasanni (Mushe ake kiran malami a lakwal), ya raba wa 'yan wasansa dosar, wato ƙyallen nan mai lamba da ake liƙa wa ɗan wasa a baya domin alƙalai su san wanda suke ba maki. Inna Dije, matar Malam Illo, ta zauna a inuwar ɗaki da zare da allura, ta ɗinke na Ramatu a bayan rigar, ɗinki mai ƙarfi wanda ko wanki ba zai cire ba.

"Inna, ni kuma nawa fa?" in ji Sa'adatu.

"Ki ɗora shi bisa na 'yar uwarki, ki kama da wani abu. So kike in huda rigar sau biyu?"

Da Sa'adatu ta je ɗiban ruwa da la'asar, sai ta tsinko ƙayoyin aduwa masu tsawo, ta ƙulle su a bakin zanenta.

An yi gasar a filin kolejin, cikin zafin bazara. An jera katifu a ƙarƙashin wata bishiyar gawo domin wasan jimnastik na 'yan mata, alƙalai kuma daga Maraɗi suka zo, ba su san fuskar kowa ba. Tsarinsu shi ne yarinya ta shiga, ta ɗaga hannu ta gaishe su, ta yi wasanta, in ta gama ta juya baya su rubuta lambar da ke jikinta. Mushe Nasiru yana can ɗaya gefen filin wajen tseren maza.

Da layi ya kusa zuwa kansu, Ramatu ta leƙa ta ga taron jama'a, sai tsoro ya kama ta. Ta ja Sa'adatu bayan aji, ta tuɓe rigar.

"Ni ba zan iya ba, ki je ke kaɗai."

Sa'adatu ta saka rigar, Ramatu ta soke mata dosar ɗinta da ƙaya a kan wanda aka ɗinke, sannan Sa'adatu ta gyara ɗan ƙaramin hijabinta ta tura shi cikin wuyan riga, ta yi bisimilla ta shiga.

Waɗanda suka kalli wasan sun daɗe suna maganarsa. Yarinya ce da ta koyi alkafura a kan rairayin bakin tafki, a ranakun da aka aike ta wanki, tana jiran kaya su bushe. Ta tsaya a kan hannuwanta ƙafafunta a miƙe kamar an auna da igiya, ta kewaya gefe kamar ƙafar amalanke, ta dira ba ta ko gyara tsayuwa ba. Abin da ba ta ji ba shi ne, tun alkafurar farko ƙayoyin suka zame, dosar ɗinta ya faɗi cikin rairayi a gefen katifa. Ta gama, ta juya baya yadda aka ce. Alƙalai suka rubuta lambar da suka gani.

Tana fitowa ta ga ƙyallen a ƙasa, ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta riƙe shi a hannu. A lokacin ba ta fahimci abin da faɗuwarsa ke nufi ba. Kafin ta yi tunani, sai ga Inna Dije ta iso kallon rabon kyauta.

"Kin gama? To cire, kada ki jiƙa mata ita da zufa."

Haka aka yi, da aka zo kiran waɗanda suka yi nasara, Ramatu ce ke sanye da rigar. Mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce wadda ta zo ta ɗaya a jimnastik na 'yan mata, wadda za ta wakilci yankin a gasar Maraɗi, ita ce Ramatu Illo. Ramatu ta waiwaya tana neman Sa'adatu. Inna Dije ta rangaɗa guɗa, ta tura ɗiyarta gaba da hannu biyu. Aka rataya mata lambar yabo, aka ɗauki hoto. 'Yan ajin su Sa'adatu suka dubi juna, wasu suka dube ta. Ita kuwa tana tsaye bayan taron, ta dunƙule ƙyallen cikin tafin hannunta, tana jiran wani babba ya ce an yi kuskure. Aka watse ba wanda ya ce.

Da yamma gidan ya cika da mata masu barka. Malam Illo shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara na kolejin, saboda haka har ma'aikata suka zo. Aka buga ƙusa a bangon falo, aka rataye lambar. Sa'adatu ce ta dama fura, ita ce ta kai ruwa, ita ce ta kwashe kofuna. Wata tsohuwa maƙwabciya ta kama hannunta ta ce, "Ke ma ki riƙa koyi da 'yar uwarki, kin ji ko?" Ta ce, "To, Kaka."

Washegari ta tari Mushe Nasiru a bakin ɗakin ajiye kayan wasa. Kafin ta buɗe baki ya ɗaga mata hannu.

"Na sani, Sa'adatu. Ni na koya muku, na san abin da kowace ke iyawa. Ana iya gyarawa. Sai dai sakamakon ya riga ya tafi Maraɗi, kuma ba za a taɓa shi ba sai mai riƙonki ya zo da kansa ya shaida. Bari in ga kawunki."

Ya kuwa zo, bayan sallar la'asar. Sa'adatu tana tankaɗe a tsakar gida, tana jin muryoyinsu daga zaure. Da farko ta Mushe ce ke tashi, daga baya ta kawunta kaɗai ake ji. Da baƙon ya fita, ba ta ji ya yi sallamar da ya saba ba. Malam Illo ya shigo ya tsaya a kanta.

"Ke kika kai ƙarata lakwal?"

"Kawu, ba ƙara na kai ba. Na dai ce ni na yi wasan."

"Wa ya ce ba ke ba ce? An yi musu da ke?" Ya jawo kujera ya zauna, ya sassauta murya, irin ta mai son a fahimce shi. "Saurara, ɗiyata. Lambar nan ina ta shiga? Gidan nan. Ke ina kike kwana? Gidan nan. To mi aka rage miki? An faɗi sunan yarinya gaban hukuma, an ɗauki hoto, mutane sun zo sun yi mini barka. Yanzu in tashi in je in ce ɗiyata ta karɓi abin da ba nata ba? Da wane ido zan zauna a taron iyaye? Kuskuren alƙalai ne, ba mu muka roƙa ba. Abin da Allah ya rubuta ke nan."

Daga bakin murhu Inna Dije ta sa baki. "Kuma da rigar wa aka ci? Da ba a ara mata ba, da zane za ta yi alkafurar?"

Malam Illo ya miƙe. "Magana ɗaya zan faɗa, ba zan maimaita ba. Ƙauyenku babu koleji. Ni na ce a kawo ki, ni nake ciyar da ke. Ranar da na sake jin zancen nan a bakinki, ko a lakwal ko a gari, amalanken Gabi ba ya wuyar samu."

Sa'adatu ta ce, "Na ji, Kawu," ta ci gaba da tankaɗe. Ta daɗe tana girgiza rariyar bayan garin ya ƙare.

Daga ranar kwanakinta suka sake kama. Ba a doke ta ba, ba a hana ta abinci ba, sai dai gidan ya daina ganinta. In ta yi gaisuwa, Inna Dije kan amsa tana kallon wani wuri. A lakwal kuwa 'yan mata sun rabu biyu: masu tsoron a ce sun goyi bayanta su ɓata da ɗiyar shugaban iyaye, da masu tsokana, waɗanda in ta wuce sukan ce, "Ga Ramatu ta biyu nan." Mushe Nasiru ya koma bin bayan azuzuwa in ya hango ta. A lokacin hutu takan zauna ita kaɗai a gindin katanga, inda ake hango farin ruwan tafki ta tsakanin itatuwa, har a buga ƙararrawa. Dosar ɗin ta ninke shi ta sa a ƙasan jakar tufafinta. Bayan kowace salla takan daɗe a kan tabarma, ba ta roƙon a ƙwace wa kowa komai, tana dai roƙon Allah ya sa ta iya haɗiye abin.

Ranar Juma'a gidan rediyon gari ya karanta sunayen waɗanda suka yi nasara. Da yamma wayar Malam Illo ta yi ƙara. Talatu ce, ta ari wayar wani ta kira. Ya yi dariya, ya amsa barka, ya miƙa wa Ramatu, sannan ya miƙa wa Sa'adatu yana tsaye kusa da ita.

"Sa'ade, kina lafiya? Mun ji sunan Ramatu a rediyo, har na yi guɗa, mata suka taru. Ke fa? Ba ke ce kullum ƙafafu sama ba? Ko ba a sa ki ba?"

Sa'adatu ta dubi ƙafafun kawunta.

"An sa ni, Inna."

"To mi ya faru?"

"Ban samu ba."

"Ba komai. Ki dai riƙe karatunki, shi ne abin da ya kai ki. Ki yi wa kawunki biyayya, kin san ba mu da wani sai shi. Kin ji?"

"Na ji."

Ta mayar da wayar da hannu biyu. Malam Illo ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla da ɗiyar kirki." Wannan ne yabo na farko da ta samu a gidan tun ranar gasar.

Amma gasar Maraɗi tana matsowa, kuma sunan Ramatu ne a can. Sai Inna Dije ta yanke cewa kowace yamma, bayan an gama aikin gida, Sa'adatu za ta koya wa Ramatu. Aka shimfiɗa tsohuwar katifa a bayan ɗaki kusa da turken awaki, inda maƙwabta ba za su gani ba. Sa'adatu ta riƙe mata ƙafafu, ta nuna mata inda ake ajiye tafin hannu, ta nuna mata yadda ake sunkuyar da kai. Ramatu yarinya ce mai ƙoƙari a lissafi, amma jikinta ba ya yarda ya bar ƙasa. Duk lokacin da ta faɗi, sai muryar uwarta ta fito daga ɗaki: "Da gangan take sakinki. Baƙin ciki ne."

Wata yamma Ramatu ta faɗi a kan hannunta, wuyan hannun ya kumbura. Ta zauna a kan katifar tana kuka a hankali.

"Sa'ade, wallahi ban so ba. Da aka kira ni na waiwaya ina nemanki."

"Na gan ki."

"In ciro miki ita daga bango? Ki ɓoye cikin kayanki, in ce ta ɓace."

"In yi mi da ita? Ba ƙarfen nake so ba."

"To mi kike so?"

"Ki faɗa wa Kawu da bakinki ba za ki je ba, a gyara."

Ramatu ta share hawaye da bayan hannunta mai lafiya, ta dubi ƙofar ɗakin uwarta. "Kin san Baba," ta ce. Ta tashi ta shige.

Kumburin hannun ne ya sa Malam Illo ya sake kiran Mushe Nasiru. Wannan karon aka kira Sa'adatu zauren. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Malamin yana zaune yana juya mabuɗin babur ɗinsa, bai ɗago ba.

"Mun sami mafita," in ji Malam Illo, fuskarsa a sake. "Kullum kukanki ba a bar ki kin nuna iyawarki ba. To ga dama. Ke za ki je Maraɗi. Za ki sa rigar, ki yi wasan yadda kika yi a nan. In an kira Ramatu Illo, ki amsa. Tsawonku ɗaya, kuma cikin hijabi wa zai tantance? Kin ga kowa ya samu: ke kin yi wasanki, 'yar uwarki ba ta ji kunya ba, gida ya fita lafiya."

Sa'adatu ta juya wajen malaminta. "Mushe?"

Ya yi gyaran murya. "Don sunan lakwal ne, Sa'adatu. In ba mu kai kowa ba, za a tambayi dalili, kuma tambayar ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Baɗi in Allah ya kai mu, da sunanki za ki shiga, na yi miki alkawari."

"Amma ƙarya ce, Mushe."

"Rufin asiri ne," in ji Malam Illo. "Ke yarinya ce, ba ki san bambancinsu ba tukuna. Wanda ya rufa asirin ɗan uwansa, lada gare shi. Je ki wanke rigar."

Ta wanke ta a bakin tafki. Masunta suna can nesa cikin kwalekwale, tsuntsaye na sauka a kan ciyawar ruwa. Ta shanya rigar a kan rairayi, lambar Ramatu tana kallon sama. Wannan ne wurin da ta saba yin alkafura in kaya na bushewa. Ranar ba ta yi ba. Ta zauna ta rungume gwiwoyinta tana lissafin abin da ke gabanta. In ta amsa sunan, za ta ci gaba da kwana a gidan, ta gama koleji, wataƙila wata rana ta zama malama ko ungozoma, ta ɗauke wa uwarta wahala. Kuskuren farko ba ita ta yi ba, ƙaya ce ta zame. Wannan kuwa da bakinta za ta amsa, da hannunta za ta ɗaga. Har rigar ta bushe ba ta yanke komai ba.

Motar da ta kai su Maraɗi cike take da 'yan wasa suna waƙa. Mushe Nasiru ya gargaɗe su tun kafin a tashi cewa yau Sa'adatu sunanta Ramatu, wanda ya yi kuskure zai gamu da shi. Suka yi ta kiranta da sunan suna dariya, har abin ya gundure su suka manta da ita. Ta zauna a kujerar baya ta jingina kai da gilashi.

Zauren gasar ya fi duk wani ɗaki da ta taɓa shiga girma. Katifun a haɗe suke, shimfiɗa ɗaya mai santsi, babu rairayi, babu tudu. Da ta taka gefen shimfiɗar da tafin ƙafa, sai ta ji dukan jikinta yana son wurin. Ta san abin da za ta iya yi a kansa. Ta kalli 'yan matan da suka riga ta, ta san ba wadda ta fi ta.

Shugabar alƙalan mace ce mai furfura da tabarau. A nan da suna ake kira.

"Ramatu Illo, Madarunfa."

Sa'adatu ta taka zuwa bakin shimfiɗar. Ta ɗaga hannun dama yadda aka koya mata. Abin da ya rage kawai ta sauke shi ta fara. Ta ji Mushe Nasiru daga baya yana cewa, "Je ki mana."

Hannun bai sauka ba.

"Madam, sunana Sa'adatu Bala."

Matar ta dubi takardar gabanta, ta dube ta ta saman tabarau. "Juya." Ta juya. "Wannan lambar ta Ramatu Illo ce."

"E, Madam. Rigarta ce. Ni ce a ciki. A Madarunfa ma ni ce a ciki."

Zauren bai yi tsit ba, domin yawancin mutane ba su ma ji ba. Alƙalan suka haɗa kai suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka kira Mushe Nasiru, ya yi ta bayani yana shafa ƙeya. Daga ƙarshe matar ta cire tabaraunta ta ce, cikin murya mai taushi, "Ɗiyata, kin yi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ni da ikon ba da maki ga sunan da ba a aiko mini ba. Gyaran daga can ya kamata ya fito. Ki koma ki zauna."

Sa'adatu ta janye ƙafarta daga shimfiɗar. Aka kira ta gaba.

A hanyar komawa ba a yi waƙa ba. Wani yaro ya ce ta jawo wa yankin asarar lamba, wasu suka goyi bayansa. Ba wanda ya zauna kusa da ita.

Malam Illo bai ɗaga murya ba. Ya saurari Mushe Nasiru a zaure, ya shigo, ya ce wa matarsa a haɗa wa yarinyar kayanta. Ga maƙwabta kuwa bayani ya yi mai tsari: ya riƙe ɗiyar ƙanwarsa tsakani da Allah, ya ci da ita, ya sha da ita, ta je gaban baƙi ta tozarta shi, ba korarta ya yi ba, ya dai mayar wa uwarta amanarta kafin wani abu ya faru a ce shi ne. Inna Dije ta ce ita dama ta daɗe da ganin take-taken yarinyar. Mushe Nasiru ya ce shi ma'aikaci ne, ba ya shiga sha'anin gidan mutane. Hukumar lakwal ta ce tana jiran takarda daga Maraɗi. Kowa ya sami abin faɗi, kuma duk wanda ya ji yakan ce lallai akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Ramatu ce kaɗai ta raka ta bakin kasuwa, inda masu amalanke ke ɗaukar kaya zuwa Gabi. Ta riƙe mata jaka. Da jakin ya motsa, ta ce, "Ki yafe mini." Sa'adatu ta ce, "Allah ya yafe mana." Ramatu ta tsaya a wurin har amalanken ya sha kwana.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa ba a kai shi gaban kowa. A garuruwanmu gidaje da yawa na riƙe da 'ya'yan dangi da suka zo karatu, kuma da yawa na riƙonsu da tsoron Allah. Amma akwai gidajen da ke ɗaukar tuwon da suka ba yaro a matsayin kuɗin sayen duk abin da ke gare shi: ƙarfinsa, lokacinsa, har da sunansa. In ya yi shiru a ce ɗan kirki, in ya buɗe baki a ce butulu. Kuma manyan da ke iya gyarawa da kalma ɗaya, kowannensu yana da dalilin da ya sa ba shi ne ya kamata ya faɗe ta ba. Har yau lambar tana rataye a falon Malam Illo. In baƙo ya tambaya, sai ya ce, "Ta yaran gidan nan ce," ya kawo wani zance.

Sa'adatu ta isa ƙauyensu rana ta yi sanyi. Ta tarar da uwarta tana sussukar gero a bakin rumbu. Talatu ta ga jakar, ta ajiye taɓarya. Suka shiga ɗaki, yarinyar ta ba ta labari tun daga ƙayar aduwa har zuwa matar mai tabarau. Talatu ta saurara ba ta katse ta ba.

"Ashe ke ce aka faɗa a rediyo," in ji Talatu.

"Ni ce, Inna."

"Na yi guɗa ban san tawa nake yi wa ba." Ta goge ido da bakin zane. "Amma Sa'ade, da kin yi shiru. Shekara nawa ta rage? Da kin amsa musu sunan. Yanzu gidan wa zan kai ki?"

Sa'adatu ta jawo jakar, ta fitar da littattafanta ta jera a kan tabarma, ta fitar da tufafinta. Daga ƙasa ta ciro ƙyallen, ta warware shi a kan cinyar uwarta. Har yanzu da sauran rairayi a ninkinsa, ga ƙananan hudojin da ƙaya ta bari a kusurwoyi.

Talatu ba ta iya karatu ba. Ta juya shi, ta shafa lambar da yatsa.

"Wannan fa, mi ne ne?"

"Nawa ne," in ji Sa'adatu.

Uwar ta ƙara dubansa. Sannan ta miƙa hannu saman gado, ta lalubo gwangwanin da take ajiye zare da allura, ta jawo riga ɗaya daga cikin tufafin Sa'adatu.